Mashaya ko gidan abinci: ina ya kamata baƙo ya ci abinci idan ya je hutu ƙasar Ayilan?

Duk wanda ya sauka a Dublin, babban birnin ƙasar, da niyyar hutu, ya tambayi mai masaukinsa ko direban tasi inda zai sami abincin gargajiya na ƙasar Ayilan, amsar da zai fi ji ita ce a kwatanta masa wata mashaya, irin wadda su suke kira pub. Da zuciya ɗaya suke ba shi wannan shawara, domin a ƙasarsu wuri guda ne ake sayar da giya, a dafa abinci, a yi kiɗa, a kalli ƙwallo, har dangi su taru a cikinsa bayan an dawo daga jana'iza. Amma ga Bahaushe, musamman Musulmin da ya taho da iyalinsa, amsar takan bar shi da wasiwasi: ya shiga ne don ya ɗanɗani abin da ya kawo shi, ko ya nemi wani wuri dabam ya haƙura da abin da ake ta ba shi labari? Zaɓin da ke gabansa ya kasu uku. Akwai mashayun unguwar Temple Bar da daddare, akwai mashayar unguwa ko ta bakin teku da rana, sannan akwai wuraren cin abincin da ba mashaya ba ne kwata-kwata, kuma tazarar da ke tsakanin ukun ta fi yadda mai kallo daga waje zai zata.

Sai an fahimci matsayin mashaya a rayuwar mutanen Ayilan kafin a iya auna ta da adalci. A ƙauyukansu, aikin da take yi ya yi kama da na teburin mai shayi da majalisar ƙofar gida a wurinmu, inda ake jin labarin gari, a ƙulla ciniki, a san wanda ya rasu da wanda ya yi aure. Da yawa daga cikin tsofaffin mashayun ma kantuna ne a lokaci guda, kuma har yau a garin Dingle akwai wadda ake kira Foxy John's, inda ɓangare ɗaya ake sayar da ƙusa da guduma, ɗaya ɓangaren kuma ake zuba abin sha. Abinci bai daɗe da samun gindin zama a cikinsu ba. A da, abin da mutum zai samu bai wuce gasasshen burodi da cuku ko kwanon miya ba. Tsaurara dokar tuƙi cikin maye, da kuma hana shan taba a wuraren aiki da aka fara ranar 29 ga Maris 2004, wanda Ayilan ce ƙasa ta farko da ta yi shi a faɗin ƙasa baki ɗaya, sun rage cinikin giya, sai masu mashaya da yawa suka gina kicin suka ɗauki kuku. Abin da baƙo ya kamata ya riƙe daga wannan tarihi shi ne cewa girkin Ayilan a gidaje ya samo asali, mashaya daga baya ta ɗauke shi, saboda haka ana iya samunsa a wajenta.

Kafin a kai ga ɗanɗano da farashi, akwai batun da ya gabace su, kuma ban ga amfanin kewaye shi ba. An ruwaito hadisi a cikin Tirmizi da ke hana wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Malamai da yawa sun fahimci hanin ya haɗa da shiga wurin da asalin sana'arsa sayar da giya ce, wasu kuma sun bambanta tsakanin teburin mutum na kansa da sauran ɗakin, musamman ga matafiyin da ke ƙasar da ba ta Musulmi ba. Wannan ba wurin bayar da fatawa ba ne, kuma shawarata ita ce mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi tun yana gida, kada ya bari sai yunwa ta tsayar da shi a bakin ƙofa sannan ya fara neman hujja. Sai dai a san wani abu da ke canza lissafin: yawancin gidajen abinci na zama a Ayilan, har da na otal, suna sayar da giyar inabi. Wuraren da babu barasa sam su ne shagunan soyayyen kifi, da yawancin gidajen shayi da kofi, da gidajen abincin halal. Kiristan da ba ya sha, kuma suna da yawa a cikin masu jin Hausa, shi ma wannan rarrabewa za ta yi masa amfani.

Temple Bar unguwa ce a kudancin kogin Liffey, 'yan taku kaɗan daga gadar Ha'penny da aka gina a 1816, mai ƙananan tituna da aka shimfiɗe da duwatsu da gine-gine masu jan fenti da furanni a tagoginsu. Ita ce ake gani a hotunan Dublin, kuma ita ce baƙo ya fi saurin faɗawa ciki. Amfaninta a fili yake: tana tsakiyar gari, ana isa da ƙafa daga yawancin masaukai, akwai kiɗa kusan tun rana har dare, kuma ma'aikatanta sun saba da baƙi daga kowace nahiya, ba sa mamakin tambaya. Abin da ke kanta kuwa ya fi nauyi. Abinci da abin sha sun fi tsada a nan fiye da sauran unguwanni, kuma mutanen Dublin da kansu sukan ce wurin na masu yawon buɗe ido ne. Daga ƙarfe 8 na dare, musamman Juma'a da Asabar, cin abinci yakan koma gefe, shaye-shaye ya mamaye wurin, tebur ya yi wuyar samu, hayaniya ta kai mutum ba ya jin na kusa da shi, ga kuma ayarin masu shagalin bankwana da gwauranci da ke zuwa daga Ingila da sauran ƙasashen Turai. A makon 17 ga Maris, ranar tunawa da Waliyyi Patrick, abin ya ninka haka. A ganina wannan ne mafi raunin zaɓi ga wanda abinci ya kawo shi, domin ya biya mafi tsada, ya zauna a inda giya ta fi yawa, ya kuma ci girkin da aka yi cikin gaggawa saboda cunkoso. Wanda yake son ganin unguwar ya ratsa ta da hantsi, ya ɗauki hotonsa, ya wuce.

Mashayar unguwa da rana wata duniya ce dabam. Tsakanin ƙarfe 12 da rabi zuwa 3, waɗanda ke ciki galibi ma'aikatan ofis ne da magina da tsofaffi da iyaye mata masu tura keken jarirai, kuma a kan tebura da yawa ba za ka ga komai ba sai tulun ruwa da butar shayi. Da yawa suna yin abin da ake kira carvery, wato mutum ya ɗauki tire ya bi layi, kuku ya yanka masa gasasshen nama a gabansa, a zuba masa dankalin Turawa iri biyu ko uku da karas da kabeji, ya biya a kanta ya nemi wurin zama. Abincin yana da yawa, yana da zafi, kuma ya fi na dare araha. Wasu tsofaffin mashayu, irin su Kehoe's da Toner's a Dublin, suna da wani ɗan keɓantaccen ɗaki mai ƙofa da ake kira snug, wanda aka yi tun zamanin da mata da limaman coci ba sa son a gan su a bainar jama'a, ko da yake irin waɗannan tsofaffin wurare sun fi shahara da abin sha fiye da girki. Inda aka dace da mashaya mai kicin kuma mai irin wannan ɗaki, iyali sukan sami sirri da natsuwa.

Doka ma ta ba rana fifiko ga mai iyali. Yaran da ba su kai shekara 15 ba ana barinsu su zauna a mashaya tare da iyayensu zuwa ƙarfe 9 na dare kawai, sai daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba da ake ƙara musu zuwa ƙarfe 10, kuma mai wurin yana da ikon ya ƙi karɓar yara tun kafin lokacin. Haka nan kicin yakan rufe tun kafin a rufe mashayar. Ana iya sayar da abin sha har 11 da rabi na dare daga Litinin zuwa Alhamis, da 12 da rabi a daren Juma'a da Asabar, amma abinci galibi ƙarfe 9 ake daina karɓar oda, a ƙauye ma kafin haka. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ya saba cin abincin dare bayan magariba, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Dublin sai wajen ƙarfe 10 na dare, lokacin da an riga an wanke tukwane, a watan Disamba kuwa tun ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara shiga.

Inda aikin yake shi ne a takardar jerin abinci, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, ko a mashaya ake ko a gidan abinci. Naman alade yana ko'ina a girkin Ayilan, kuma sau da yawa sunan abincin ba ya nuna shi. Coddle, wanda mutanen Dublin ke alfahari da shi, dafaffen tsiran alade ne da yankakken namansa da dankali da albasa. Bacon and cabbage naman alade ne da kabeji. Karin kumallon da ake kira full Irish ya ƙunshi naman alade iri biyu ko uku, da black pudding wanda da jini ake yin sa. A layin carvery, talotalo kusan kullum tare da yankan cinyar alade ake ɗora shi a faranti, kuma wuƙa ɗaya tana iya bi ta kan duka naman. Giya ita ma tana shiga tukunya. Farfesun naman sa da aka dafa da baƙar giyar Guinness yana cikin abin da aka fi sayarwa, ƙullun fulawar da ake tsoma kifi kafin a soya shi sau da yawa da giya ake dama shi, romon da ake zubawa a kan nama yana iya ɗauke da giyar inabi, wani baƙin burodin ma da baƙar giya ake kwaɓa shi. A ɓangaren kayan zaƙi, duk abin da aka ambaci Baileys a sunansa yana da barasa, kuma Irish coffee kofi ne da wuski a ciki, kada sunan ya ruɗi kowa.

Ma'aikaci yana iya ce maka, da kyakkyawar niyya, ai barasar ta ƙone a wuta. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna ba haka abin yake ba: idan aka zuba barasa a miya aka bar ta tana tafasa, bayan minti 30 kusan kashi 35 cikin 100 nata yana nan, bayan awa 1 kashi 25, kuma ko bayan awa 2 da rabi akwai saura kusan kashi 5. Wanda ya ɗauki barasa a matsayin abin da ba ya shiga bakinsa ko kaɗan, ya bar irin wannan farfesu gaba ɗaya.

Akwai wata doka da ke taimakawa, amma taimakon rabi ne. Tun Disamba 2014, wajibi ne kowane wurin sayar da abinci a Ayilan ya rubuta waɗanne daga cikin abubuwa 14 masu tayar da borin jini ne ke cikin kowane girki, irin su madara da ƙwai da kifi da gyaɗa da alkama. Naman alade da barasa ba sa cikin 14 ɗin, saboda haka takardar ba za ta faɗa maka su kai tsaye ba. Duk da haka tana ba da alama: idan ka ga an rubuta sha'ir a gaban farfesun naman sa ko soyayyen kifi, akwai yiwuwar giya ce ta kawo shi, sai ka tambaya. Amfanin dokar na gaske shi ne ta saba wa ma'aikata da shiga kicin su tambayi kuku abin da ke cikin tukunya, ba kuma sa ɗaukar hakan a matsayin fitina. Tambayoyi uku sun wadatar: akwai naman alade ko kitsensa, akwai giya kowace iri, kuma da wane mai aka soya, tare da me?

Me ya rage ke nan? Abin da ya rage shi ne mafi kyawun abin da ƙasar ke da shi. Ayilan tsibiri ce, kuma mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi ta halatta dukkan abin da ke rayuwa a teku, saboda haka kifin salmon gasasshe ko mai hayaƙi, da kifin cod da hake, da kaguwa da jatan lande, duk ƙofarsu a buɗe take. Seafood chowder miya ce mai kauri ta kifi da madara da dankali, wadda a rana mai sanyi da iska babu abin da ya kai ta, sai dai wasu masu girki suna jefa ɗan naman alade ko farar giyar inabi a ciki, don haka tana cikin abin da ake tambaya. Burodin soda, wanda ake yi da garin alkama da tsala da garin soda maimakon yis, idan aka shafa masa man shanun ƙasar ya isa abinci shi kaɗai. Colcannon dakakken dankali ne da kabeji ko ganyen kale da man shanu, champ kuwa da ganyen albasa ake haɗa shi, boxty kuma wainar dankali ce. Miyar kayan lambu ta rana kusan kowace mashaya tana da ita, kuma tana cikin mafi araha.

Irish stew shi ne abincin da ake zuwa nema, kuma shi ne ya fi wuyar yanke hukunci a kansa. Asalinsa naman tunkiya ne da dankali da albasa, wani lokaci da karas, a dafa a hankali har naman ya saki, babu giya babu alade. Wanda ya saba da farfesun gida zai ji shi salam, domin babu barkono babu kayan yaji in ban da gishiri da masoro da ɗan ganye, daɗinsa daga naman yake fitowa, kuma tumakin Ayilan da ke kiwo a ɗanyar ciyawa duk shekara namansu yana da kyau ƙwarai. Matsalar ita ce yanka. Ko da yake ƙasar tana da mayankan halal da ke fitar da nama zuwa waje, har ma masallaci na farko da aka gina takanas a ƙasar, a garin Ballyhaunis a 1987, saboda ma'aikatan wata mayanka aka gina shi, naman da ke tukunyar mashaya ba a ɗauka cewa na halal ne sai an faɗa. Wanda yake bin fahimtar da ta halatta yankan Ma'abota Littafi a ƙasashe irin wannan zai ci, wanda bai gamsu da yadda ake yanka a mayankan zamani ba zai bari. Ga na biyun akwai mafita mai sauƙi idan masaukinsa yana da kicin: ya sayi naman rago a shagon halal, ya dafa da kansa, tunda kayan haɗin ba su wuce biyar ba.

Game da abin sha, kada mutum ya ji nauyin cewa ba ya shan giya, domin ƙin sha yana da tsohon tarihi a Ayilan. A 1838 wani limamin Katolika, Fada Theobald Mathew, ya fara gangamin ƙaurace wa barasa a birnin Cork, jama'a masu ɗimbin yawa suka yi masa alkawari, kuma gadar da aka sa wa sunansa a Dublin tana daf da Brazen Head, mashayar da masu ita ke cewa tun 1198 ake karɓar baƙi a wurin. A 1898 kuma aka kafa ƙungiyar Pioneer ta masu ƙin sha, wadda har yau tana nan. Shayi da madara ana samunsa a kowace mashaya, ruwan famfo kyauta ne idan aka roƙa, akwai lemon Club Orange, akwai kuma Cidona mai ɗanɗanon tuffa wanda babu barasa a cikinsa. A kula da cider, domin shi ruwan tuffa ne da ya zama giya. Ɗan Najeriya kuma kada ya ga sunan Guinness ya tuna da Malta Guinness ta gida. Kamfanin da Arthur Guinness ya kafa a Dublin a 1759 ya buɗe masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, kuma maltar da muka sani a kasuwanninmu ake sayar da ita, amma a kantar Dublin duk wanda ya ce Guinness baƙar giya za a zubo masa. Akwai wadda ake kira Guinness 0.0, giya ce da aka yi sannan aka tace barasarta, kuma ni ban ga abin da zai kai mutum gare ta ba alhali ga shayi.

Zaɓi na uku, wato wuraren da ba mashaya ba, ya fi faɗi fiye da yadda ake zato. Shagon soyayyen kifi da dankali, wanda 'yan Italiya irin su Giuseppe Cervi suka kawo Dublin a shekarun 1880, ya zama abincin gari sosai, kuma Leo Burdock da ke kusa da majami'ar Christ Church yana wannan sana'a tun 1913. Irin waɗannan shaguna ba sa sayar da giya, farashinsu ya fi na mashaya sauƙi, kason kuma yakan ishi mutum biyu, illa dai yawancinsu babu wurin zama, kuma a kowane irin shago ya kamata a tambayi man suya, tunda wasu da kitsen dabba suke yi, wasu kuma suna soya tsiran alade a kasko ɗaya da kifi. Gidan shayi na Bewley's da ke titin Grafton, wanda aka buɗe a 1927, yana ba da irin tsohon gini da katako da gilasai masu launi da mutum ke nema a mashaya. A Cork akwai kasuwar English Market da ke ci tun 1788, inda ake sayen kifi mai hayaƙi da cuku da burodi a tafi da su. Wanda kuma yake son nama ba tare da shakka ba ya nufi titin South Circular Road, inda ɗaya daga cikin manyan masallatan Dublin yake a ginin wata tsohuwar coci da aka saya a 1983, kewayensa da mahauta da gidajen abincin halal. Musulmin ƙasar sun haura dubu 80 a ƙidayar 2022, saboda haka wannan ba abu ne mai wuyar samu ba a manyan birane. Raunin wannan ɓangare shi ne abincin na Pakistan ne ko na Larabawa ko na Turkiyya, mai daɗi ne, amma ba shi mutum ya ƙetaro teku don ya ci ba.

Abin da ake rasawa idan aka bar mashaya shi ne kiɗa da hira, kuma ba zan ce ƙaramin rashi ba ne. Zaman kiɗan gargajiya, inda mutum huɗu ko biyar ke zagaye tebur da goge da sarewa da wata ganga mai faɗi da ake kira bodhrán, wadda ta yi kama da bandiri, ba tare da dandamali ko amsa-kuwwa ba, a mashaya ya fi rayuwa, musamman a ƙauyen Doolin da birnin Galway, kuma galibi sai wajen ƙarfe 9 na dare ake farawa, daidai lokacin da abinci ya ƙare sha ya ɗauka. Ana iya rage asarar. Makaɗa suna wasa a fili a titin Grafton a Dublin da titin Shop Street a Galway kusan kowace rana, kuma babban bikin kiɗan ƙasar, Fleadh Cheoil, da ake yi a watan Agusta yana cika titunan garin da ya karɓi baƙuncinsa da kiɗa tun safe.

Wanda hutunsa bai kai shi Ayilan ba, ya ci karo da mashaya mai sunan Ayilan a Dubai ko Landan ko wani garin bakin teku a Sifen, ya san cewa da yawa daga cikinsu ƙira ce ta kasuwanci. A farkon shekarun 1990 wani mai zanen gine-gine, Mel McNally, ya kafa kamfanin Irish Pub Company, wanda tare da haɗin gwiwar Guinness ya riƙa ƙera kanta da kujeru da madubai a Ayilan yana tura su ƙasashen duniya a harhaɗa. Adon yana nan, amma jerin abincin sau da yawa ya karkata ga boga da fukafukan kaza. Ta fuska ɗaya ce kawai ta Dubai ta fi ta Dublin sauƙi: a can naman da ake sayarwa na halal ne bisa doka, kuma ana sa alama a kan abincin da ke da alade, ko da yake wurin kansa mashaya ce kamar kowace.

Ta ɓangaren kuɗi, babban faranti a mashayar Dublin galibi yana tsakanin yuro 15 zuwa 25, Temple Bar tana can sama, carvery da mashayun ƙauye suna ƙasa, shagon kifi kuma ƙasa da su duka. Idan a kanta aka yi oda aka biya, ba a sa ran tukwici, idan kuwa ma'aikaci ne ya yi hidima a tebur, kusan kashi 10 cikin 100 shi ne al'ada, sai a duba rasit ko an riga an ƙara kuɗin hidima, kamar yadda akan yi wa ayari mai yawa. Wanda zai tsallaka Belfast, a Arewacin Ayilan da ke ƙarƙashin Birtaniya, ya tuna can fam ake kashewa.

Idan aka ɗora duka a sikeli, wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga mashaya ba kada ya tilasta mata, domin kifin da burodin da man shanun duk yana iya samunsu a waje, kiɗan cikin ɗaki kaɗai zai rasa. Wanda ya bincika ya gamsu cewa zai iya shiga don abinci, ya zaɓi rana a kan dare, ya zaɓi unguwa ko bakin teku a kan Temple Bar, ya tsaya a kan abin da ya fito daga ruwa, ya yi tambayoyinsa uku kafin ya yi oda. Da za a ba ni rana ɗaya tak in tsara wa baƙo mai iyali, jirgin ƙasa na DART zan sa su hau daga tashar Connolly zuwa Howth, garin masunta a bakin teku, tafiyar kusan minti 30, su isa kafin azahar, su zaga tashar jiragen kamun kifi inda shagunan kifi ke jere a gefen yamma, sannan wanda ya yarda da zama a ciki ya nemi tebur kusa da taga ya ci chowder da burodin soda, wanda bai yarda ba kuma ya sayi kifinsa a naɗe a takarda, ya zauna a kan katangar tashar yana kallon tsibirin Ireland's Eye, su haɗu a jirgin komawa gari kafin la'asar ta yi nisa.